Tawadar da Na Goge a Bakin Zane

Azumi ya zagayo ya sake faɗowa cikin bazara. Malamai sun ce haka watan yake, yana ja da baya cikin shekara, sai ya yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya komo inda ya bar mutum. Ni ban san lissafinsu ba. Abin da na sani, ranar uku ga wata na taka tsakar gida ba takalmi bayan azahar, ƙasa ta cije ni a tafin ƙafa, nan take jikina ya gane wannan zafin. Mun taɓa haɗuwa da shi.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Luba ce ke rubutawa, autata, malamar makaranta. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya.

A Ƙofar Rini in aka ce Inna Ige, abu biyu ake nufi: tsohuwar da ba a yi wa ƙarya, da macen da ake kafa misali da kunyarta. Na farkon gaskiya ne. Na biyun shi ya sa na zaunar da Luba da takarda.

Ina da ɗan fari. Yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta sa baki a sha'aninsa, ko tuntuɓe ya yi gaban mutane sai ta kau da kai. "Kai" nake ce masa in yana kusa, "wancan" in ba ya nan. Yau ya haura hamsin, furfura ta cika masa gemu, sunansa bai taɓa fitowa daga bakina ba.

Waccan shekarar, shekara talatin da 'yan kai baya, damina ta yi mana rowa. Gero ya fid da kai, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. 'Yan'uwanmu na ƙauye da suka saba aiko mana da dami, su ne suka shigo birni suna kallon tukunyarmu. Maigidana mahauci ne, ya rasu da kaka, ya bar ni da 'ya'ya biyar. Ƙanensa ya bi shanu kudu, ba shi ba labarinsa. Kakar yaran ta riga ɗanta tafiya. Gida ya zama ni ce uwa, wancan ne uba, shi kuwa shekararsa sha bakwai.

Ga yadda yini yake tafiya. Da sahur mu sha kunun da ya fi kama da ruwan wanke ƙwarya. In an sallame asuba ya ɗauki wuƙaƙen ubansa ya nufi kwata, ya yi fiɗa, ya wanke kayan ciki, a sallame shi da ƙashi, ko huhu, ko guntun tumbi. Da hantsi ya dawo ya ɗauki garwa biyu ya yi rijiya, sawu huɗu, domin famfon unguwa ya daɗe da yin shiru. Ni kuma ina daka wa gidajen masu hali, in yi surfe, a bar min dusa. Dusar nan ba ta dabba ba ce a gidana. In tankaɗe ta, in gauraya da ɗan gari, in tuƙa, a zuba miyar kuka da ƙashin da ya kawo.

In rana ta take tsaka, Sakkwato sai ta yi tsit kamar an kwashe mutanenta. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu take. Mu jiƙa zannuwa mu lulluɓa, kafin ka juya sun bushe. Randa na binne cikin yashi a gindin bango, amma ruwanta ɗumi gare shi. Ƙananan su kwanta a ƙasan zaure suna buɗe baki kamar 'yan tsaki. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi, ko tsawa ba na iya yi, ni da tsawa ce abincina.

Amma da zarar an yi la'asar, wancan sai ya miƙe ya ɗaura wasu yagaggun takalma ya yi fili. Tamaula. Ubansa ya doke shi a kanta, ni ma na doke shi, har ƙungiyar gari ta ɗauke shi, aka ce mai tsaron baya ne. Na tambayi Malam Sani maƙwabcinmu, malamin Turanci, mene ne aikin mai tsaron baya.

Ya ce, "Inna, shi ba ya cin ƙwallo, hana ci yakai."

Na ce, "To ya yi gado."

A bakin Malam Sanin na fara jin labarin Baturen. Manyan ƙungiyar ne suka ɗauko shi ya horar da yaran na 'yan watanni, Malam Sani ke yi masa tafinta. Mutumin Sifaniya ne, ɗan masunci daga wani gari na bakin teku. Shi ma baya ya tsare tun yana saurayi, daga ƙaramar ƙungiyar garinsu har babba ta saye shi. Ya yi shekaru yana tare ƙato da ƙato, sai da gwiwarsa ta hagu ta tarwatse, likitoci suka ɗinke ta kamar buhu. Daga nan ya koma koci. Ya horar a nan a kore shi, ya horar a can ya yi zuciya ya bari, gari-gari, ƙasa-ƙasa, har rabo ya jefo shi Sakkwato cikin bazara.

Na ce, "Ashe bazawara ce, ko'ina ta yi aure ta fito."

Malam Sani ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Abin da ke raina daban: yaro mai azumi, gudu cikin wannan rana, ga kuma wanda ba ya salla a kansu. Na ce lalle ruwa suke sha a ɓoye.

Ranar goma ga wata na bar wa Kulu, maƙwabciyata, kaskon ƙosan da nake ɗan soyawa na sayarwa da yamma, na ja mayafi na bi sawunsa. Na laɓe bayan wata bishiyar dogon yaro a gefen filin. Na ga Baturen. Gajere ne mai faɗin ƙirji, rana ta mai da shi ja kamar tattasai, yana ɗingishi. Akwai garwar ruwa a gefensa. Na ce yauwa, ga shaida. Sai na ga yana ɗiba da moɗa yana kwarara wa yaran a ka da wuya, ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kai baki. Shi ma bai kai ba. Leɓensa ya yi fari fat kamar namu. Daga baya Malam Sani ya ce min tun ranar farko ya rantse ba zai sha ruwa gaban masu ƙishi ba, har sau ɗaya ya yanke jiki ya faɗi.

Sannan na ga wancan. Baturen ya kama kafaɗunsa ya karkata shi gefe, ya nuna masa ƙugun abokin wasa, ya rufe masa ido da tafi ya buɗe. Aka saki wani dogo da ƙwallo ya taho a guje. Wancan bai ruga ba. Ya ja baya, ya ja baya, kamar kaza mai 'ya'ya ta ga shaho, sai da dogon ya yi zaton ya wuce, sai kawai na ga ƙwallo a ƙafar wancan, dogo yana rungume da ƙasa. Sau biyar ana yi. Baturen ya daki ƙirjinsa yana ihu da yarensu. Ni da na zo kama ɓarawo, na tsinci kaina na cije bakin mayafi don kada wani abu ya fito.

Na koma gida ban ce wa kowa komai ba. Da shan ruwa na ƙara masa ƙosai ɗaya. Iyakar yabon da ya samu ke nan.

Ana saura kwana tara salla, gab da magariba, Malam Sani ya yi sallama ya ce ga baƙo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, ni ina daga ciki bayan asabari, ina ganinsu ta tsakanin karare. Baturen ya zauna ya miƙe ƙafar hagu, ba ta lanƙwasuwa. Wancan ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a ƙasa. Da aka kira salla na aika da kunun tsamiya da ƙosai uku. Baturen ya ci ɗaya, ya dubi idanun ƙananan da ke leƙe, ya tura sauran gabansu. Na lura. Ba abin da ke wuce ni.

Bayan sun yi salla, shi yana zaune yana jira, Malam Sani ya fara juya maganarsa.

"Ya ce ɗanki ya san inda ƙwallo za ta faɗi tun ba ta tashi ba. Ya ce wanga abu ba a koya shi, shi kanshi sai da ya tsufa ya same shi. Yana so bayan salla ya tafi da shi garinsu, ƙungiyar da shi ya fara, a gwada shi wata uku. Gidan yayarshi zai zauna. In an ɗauke shi, to. In ba a ɗauka ba, shi zai maido shi da hannunshi. Amma yaro bai kai shekaru ba, sai uwa ko uba ya sa hannu ga takarda. Dangwale kawai za ki yi, Inna."

Na ce, "Malam Sani, gaya mishi ni ba ni da ɗa. Wanga na kakarshi ne."

"Inna, kakar ta rasu."

"To ni mi ne nawa ciki?"

Malam Sani ya daɗe yana yi masa bayani. Baturen ya dubi asabari, ya dubi wancan, ya yi magana a hankali.

"Ya ce tashi uwar, in yana wasa, tana tsayawa bakin fili tana kiran sunanshi har muryarta ta dushe. Ya ce rigarshi ta farko tana cikin akwatinta har ta mutu."

A raina na ce, ji marar kunya. A can ƙasan ran kuma na tuna bakin mayafin da na cije.

Kulu ce ta kawo mafita, ita da ba ta rasa dabara. Ta ce, "Ke Ige, kunya ai ta idon mutane ce. A ba ni takardar in kai miki ɗaki. Ba mai gani, ba mai ji. Al'ada ba ta hana wannan ba, ko kakanninmu bayan ɗaki suke ba ɗan fari hura."

Gaskiya ta faɗa, kuma kowa ya san gaskiya ce.

Ta shigo da takardar da ɗan akwatin tawada. Ta kunna min fitila, ta kama babban yatsana ta danna cikin tawadar, ta nuna min wurin da Malam Sani ya yi alama. Ta fita ta saki labule.

Luba, rubuta nan da kyau.

Ni kaɗai ce a ɗakin. Ba idon kowa. Kunya ko ƙwayar gero ban ji ba. Abin da na duba shi ne tukunyar da nake ajiye hatsi, gindinta ya fara nunawa. Na ce gobe wa zai tafi kwata? Wa zai yi sawu huɗu rijiya? Wata uku. In kuma suka ɗauke shi, ba uku ba ke nan. Na dubi yatsan nan shuɗi, yana sheƙi a hasken fitila. Na kama bakin zanena ta ciki na goge shi. Na goge, na tofa yawu, na sake gogewa.

Na miƙa takardar ta ƙarƙashin labule na ce, "Kulu, na kasa. Kunya ba ta bar ni ba."

Kulu ta riƙe baki. "Allahu akbar! Ke ko cikin ɗaki? Ige, ke 'yar asali ce!"

Kafin salla labari ya gama Ƙofar Rini, ya tsallaka Ƙofar Kware. Mata na zuwa barka da shan ruwa suna kallona kamar wadda ta dawo daga Makka. Ga macen da aka ce ta dangwala ɗanta ya tafi Turai, ko a ɓoye ta kasa. Ana gaya wa amare. Ni kuma ina sunkuyar da kai, suna cewa kun gani, kunyar ce.

Baturen ya sake zuwa sau biyu. Na biyun bai zauna ba. Ya tsaya a ƙofar zaure cikin rana, ya ce a gaya min ya girmama al'adarmu ko da bai gane ta ba. Wannan kalma ta fi min zagi ciwo. Bayan salla da 'yan kwanaki ya tafi shi kaɗai. Ya bar wa wancan takalmansa na ƙwallo, sun yi masa yawa, ya riƙa cusa tsumma.

Washegari wancan ya ɗauki wuƙaƙe ya tafi kwata.

Ba a yi wata biyu ba hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta kwashe mana rufin madafa, sannan ruwa ya sauko, ƙasa ta yi wannan ƙamshi da ke sa mutum ya ji kamar ya ci ta. Yara suka fita tsirara suna ihu. Rama da tafasa suka tsiro a bayan gida. Daminar ta yi albarka har 'yan ƙauye suka aiko da dami ba a roƙa ba. Kafin kaka, ƙanen maigidana ya dawo daga kudu da bijimai biyu. Yunwar da na tsorata ta yi 'yan makonni ta wuce. Takardar ba ta dawo ba.

Ya ci gaba da buga wa ƙungiyar gari yana fiɗa da safe, har tasa gwiwar ta gaji. Shi ya yi wa ƙannensa aure, shi ya kai Luba makaranta. Yanzu shi ma koci ne, na samarin unguwa, a filin da ba ciyawa. In na wuce nakan hango shi yana kama kafaɗun wani yana karkata shi gefe.

Azumin bana akwai fanka mai aiki da hasken rana, akwai ƙanƙara a leda, jikoki na kwance suna latsa waya suna cewa sun galabaita. Ba na ce musu komai. Zafin dai shi ne, bai tsufa ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce wancan ya zo shan ruwa, kamar yadda ya saba. Muna jiran kiran salla ya ciro waya ya nuna wa Luba, da murya yadda zan ji.

"Kocinmu ya rasu. Wani tsohon ɗan wasanmu ya turo min."

Luba ta kawo min hoton. Tsoho fari fat cikin keken guragu, amma ƙirjin nan na nan. Wancan ya ce bayan ya bar nan ya horar a ƙasashe da dama, bai taɓa cin wani babban kofi ba, daga ƙarshe ya koma ƙaramar ƙungiyar garinsu yana koya wa matasa tsaron baya har ƙafa ta ƙi.

Sai wancan ya yi 'yar dariya. "Abin mamaki, Luba, satin nan ni ma takarda ke hannuna. Akwai wani ɗan wasana, Nasiru, an kira shi gwaji waje. Ubanshi ya rasu. Uwar, Hajara, can Gidan Dahala, ta ce ba ta sa hannu. Ɗan fari ne. Na ce a kai mata ɗaki, ta ce ko a ɗaki. Ta ce ita tarbiyyar Inna Ige ta bi, uwarta ta ba ta labarin tun tana budurwa."

Aka kira salla. Na riƙe dabino a hannu har kowa ya gama shan ruwa.

Washegari bayan la'asar na ja mayafi na ce, "Kai, tada babur ɗinka. Ɗauko takardar."

Hajara ba ta fi arba'in ba, ramammiya, tana tsakar gida tana dama kunun sayarwa. Na ƙirga yara huɗu. Na dubi buhun da ke jingine a bango, ya kwanta rabi. Ba sai an gaya min ba. Wancan ya tsaya a zaure, tsakaninmu da shi labule ne kawai.

Ta durƙusa. "Inna, da kanki? Da kin aiko ai sai in zo."

Na ce, "Tashi. An ce kin ce ni kike koyi."

"Awo, Inna. Wa bai san kunyarki ba?"

"Ni ban san ta ba."

Na ɗaga murya yadda za ta tsallake labule. Na ba ta labarin ɗakin, da fitilar, da tukunyar hatsi, da bakin zane. Na ce mata ƙarya na yi, na lulluɓe tsoron yunwa da rigar kunya, aka yi ta yi min kirari shekara talatin ina amsawa. Na ce ruwa ya sauko bayan wata biyu, Baturen kuwa yanzu yana kabari.

"In kin hana shi don ba ki son ƙwallo, ɗanki ne, hana shi da bakinki. In don buhun can ne, ki faɗa, a san abin yi, unguwa ba ta mutu ba. Amma kada ki sa sunana."

Ta saki muciya ta fashe da kuka. "Inna, shi ke tura baro kasuwa. In ya tafi mi za mu ci?"

Na ce, "Yauwa. Yanzu kin yi magana."

Muka daɗe. Na ce hatsin gidana a raba biyu har yaron ya dawo ko ya aiko, kuma ba roƙo ta yi ba, ni ke biyan abin da ke wuyana. Ita ta yi firamare, ba ta bukatar tawada. Ta karɓi biro ta rubuta sunanta a tsakar gida, gaban 'ya'yanta.

Muka kama hanyar gida. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, masu ƙanƙara na ta kira a bakin titi. Da muka iso ƙofar gida ya kashe babur, na sauka, na tsaya ina kallon bango.

Na ce, "Ka ji abin da na ce."

"Na ji, Inna."

"Ba ka da magana?"

Ya goge zufa da hularsa. "Inna, washegarin ranar, da na dawo rijiya, zanenki na kan igiya. Na ga shuɗin a bakinshi ta ciki. Wanda kunya ta hana, hannunshi rawa yakai, ba ya tsayawa goge yatsa tsaf haka." Ya mai da hular. "Ni ma na san abin da ke cikin tukunyar. Ni ke ɗaga ta in share ƙasanta."

"Shekara talatin ka sani, ana yabona gabanka?"

"To in ce mi? Uwata ce ake yabo."

Ni da nake cewa ba abin da ke wuce ni. Ina laɓe bayan dogon yaro ina gadin yaro, ashe shi ke tsaye bayana.

Ladan ya ɗaga murya. Jikoki suka fito da gudu, Luba na biye da kofin ruwa mai ƙanƙara, maƙwabta na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, Malam Sani ma da sandarsa yana cikinsu. Na karɓe kofin daga hannun Luba. Harshena ya yi nauyi fiye da na kowane azumi.

Na ce, "Ummaru."

Tabarmi suka yi tsit. Ya juyo a hankali, kamar bai tabbata da shi ake ba.

"Ummaru, karɓi ruwa."